Yadda za ka zaɓi mujallar keken hawan tsauni kafin ka tura kuɗin shekara, musamman mu 'yan Kaduna

Salam jama'a 'yan keke. Yanzu masu hawa keken tsauni a garin nan sun fara yawa, in ka fito ranar Asabar da sassafe za ka gansu da hular kwano wajen Murtala Square ko hanyar Millennium City ko bakin kogi, kuma duk wanda abin ya shiga ransa wata rana sai ya fara neman abin karantawa, daga nan kuma tambaya ɗaya ce take fitowa, wace mujalla zan yi wa rajista? Ni dai abin da nake so ka riƙe tun kafin mu yi nisa shi ne babu ko ɗaya cikin manyan mujallun nan da aka rubuta saboda mutumin Kawo ko Rigasa, duk an rubuta su ne saboda mutumin Ingila da Amurka da Jamus wanda yake da shagon keke a bayan gidansa kuma yana sayen sabo fil. Don haka kada sunan mujalla ya ruɗe ka, ka nemi wadda shafukanta za su yi maka aiki a kan keken da kake da shi da ƙasar da kake takawa.

Mataki na farko ba ma a wajen mujallar yake ba, a wajen kekenka yake. Jingina shi da bango ka duba shi da kyau. Tayarsa inci nawa ce, 26 ko 27.5 ko 29? An rubuta a gefen tayar. Shakazoba a gaba kawai yake da ita ko gaba da baya? Birkinsa na roba ne mai kama wili, ko na faifai, in na faifai ne na waya ne ko na mai? Faranti nawa ne a wajen feda, uku ko biyu ko ɗaya? Ka rubuta duk wannan a waya. Dalili kuwa, yawancinmu kekunan Beljiyam muke hawa, na hannu, taya 26, faranti uku a gaba, giya bakwai ko takwas ko tara a baya, kayan Shimano irin su Tourney da Altus da Acera da Alivio, wanda ya yi sa'a ya samu Deore. Su kuwa mujallun yanzu sun daɗe da wuce nan, tun da kamfanin SRAM ya fito da tsarin faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya a 2012, ya kuma ƙara zuwa 12 a 2016, kusan duk keken da za ka ga ana gwadawa faranti ɗaya ne da taya 29, ga kuma keke mai batir da yanzu yake cinye shafuka da yawa. In ba ka san inda kekenka ya tsaya ba sai ka biya dala kana karanta gyaran abin da ba ka da shi.

Sai ka tambayi kanka wane irin hawa kake yi da gaske, ba wanda kake kallo a YouTube ba. Su a can sun raba abin kashi-kashi. Akwai wanda suke rubutawa XC, shi ne tafiya mai nisa da hawa da gangara a kan keke mara nauyi, shi ne ma aka shigar gasar Olamfik tun 1996 a Atlanta. Akwai enduro, inda ake hawa tudu a hankali sannan a yi tsere a gangara. Akwai na gangara zalla, wanda mota ko lilo ke kai mutum saman dutse ya sako ƙasa da gudu da keke mai nauyi. To mu nan me muke da shi? Hanyoyin gona, jar ƙasa, marmara, yashi a bakin rafi, kwazazzabai da ruwa ya ci, sai duwatsu jefi-jefi irin na wajen Kufena a Zariya ko na Kajuru ko tsaunukan Kagoro ga wanda yake can kudu, kuma kowa ya san halin tsaro, ba ko'ina ake kutsawa ba sai an tambayi mutanen wurin an tafi cikin ayari. Wato kusan dukkanmu XC muke yi ko mun sani ko ba mu sani ba. Mujallar da rabinta tsalle-tsalle ne da gangarar duwatsun Kanada za ta ba ka sha'awa, amma ba za ta canza komai a hawanka na Asabar ba.

Mataki na biyu, ka san su waye a fagen. Ba su da yawa sosai.

Mountain Bike Action ta Amurka ce, daga Kalifoniya, ta fara fitowa a 1986, tana cikin tsofaffin mujallun harkar. Ƙarfinta gwajin kekuna da kayayyaki, da amsa tambayoyin masu karatu kan gyara. Abin da ya sa nake ganin ta dace da mu fiye da yadda mutane suke zato, kudancin Kalifoniya ƙasa ce busasshiya mai ƙura da tsakuwa da zafi, to in sun yi maganar tayar da ke kama busasshiyar ƙasa ko man sarƙa da ba ya kwasar ƙura, kamar da mu suke a watannin rani daga Nuwamba har zuwa Afrilu. Can Kalifoniyar ce ma asalin wasan, a gundumar Marin, inda su Gary Fisher da Joe Breeze suka riƙa gangarowa daga tsauni da tsofaffin kekuna a shekarun 1970.

Mountain Biking UK, wadda aka fi sani da MBUK, ta Ingila ce, ta fara a 1988. Ita tana da sauƙin karatu, hotuna da yawa, tana da shafukan koyar da hawa da na gyara daki-daki da hoto, kuma tana kula da sababbin shiga. Ingila ƙasar ruwa ce da taɓo, don haka duk abin da ya shafi laka, wanke keke, kare boris daga ruwa, birki a jiƙe, sun ƙware, wannan kuma shi ne rayuwarmu daga Yuni zuwa Satumba lokacin da jar ƙasar nan take manne wa taya har wili ya ƙi juyawa. Amma ka sani akwai shafukan da suke kawo taswirar hanyoyin hawa na Wales da Sikotilan, waɗannan kai ba su da amfani a gare ka sai kallo.

Singletrack ita ma ta Ingila ce, daga wani ƙaramin gari Todmorden, ta fara a 2001, mai zaman kanta ce ba ta wani katon kamfani ba, kuma ba kowane wata take fitowa ba. Ta fi karkata ga dogon rubutu, labarin tafiye-tafiye, ra'ayi, da gwaji mai faɗin gaskiya. In kana son karatu kuma Turancinka ya zauna za ka ji daɗinta, in kuwa so kake a nuna maka yadda ake saita giya to ba nan ne ƙarfinta ba. Freehub ta Amurka daga Bellingham, sau huɗu take fitowa a shekara, takarda mai kauri da hotuna masu kyau ƙwarai, labarin mutane da wurare da masu gina hanyoyin keke a daji, ta ajiyewa ce a falo. Akwai kuma Enduro Mountainbike Magazine ta Jamus da ke fitowa da Turanci da Jamusanci a manhaja kyauta, sai dai kekunan da take gwadawa masu tsada ne sosai. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu da suka yi karatu a Nijar, akwai Vélo Vert ta Faransa. Sannan kada ka manta da Afirka ta Kudu, su ne suke da gasar Cape Epic tun 2004, kuma abin da suke rubutawa kan zafi da ƙaya da ƙura da doguwar tafiya ya fi na kowa kusa da namu, in ka ci karo da mujallar keke tasu ka duba ta da kyau.

Mataki na uku gajere ne amma kada ka tsallake shi. Ka tabbatar mujallar tana raye. Dirt ta Ingila ta daina buga takarda a 2015, Dirt Rag ta Pittsburgh da ta yi shekara 30 tana fitowa ta rufe a farkon 2020, mujallar Bike ta Amurka ita ma aka dakatar da bugunta a ƙarshen shekarar. Harkar mujallar takarda tana cikin wahala a duniya, kuma har yanzu za ka ga tsofaffin shafuka a intanet suna tallar rajistar abin da babu shi. Ka je shafin mujallar na asali ka ga fitowa ta ƙarshe wane wata ce wace shekara, in ta wuce wata shida babu sabuwa ka riƙe kuɗinka.

Yanzu ga matakin da ni a wajena ya fi duka, na huɗu. Kada ka biya kuɗin shekara sai ka sayi fitowa ɗaya tak ka gwada. Manhajoji irin su Pocketmags da Zinio da Magzter suna sayar da fitowa ɗai-ɗai, wasu ma suna ba da samfuri kyauta, ka duba wacce ke buɗewa a wayarka kuma take ɗauke da mujallar da kake so. In ka samu, ka zauna da biro da takarda ka bi ta shafi-shafi kana ja mata layi gida uku. Gida na farko talla. Gida na biyu abin kallo, wato kekunan da kuɗinsu ya kai na mota, wuraren da ba za ka je ba, sakamakon gasa. Gida na uku abin da za ka iya ɗauka ka yi aiki da shi a satin nan a kan kekenka, gyara, koyon hawa, motsa jiki, abin ci da sha a doguwar tafiya, kayan da za a iya samu ko a yi oda ba tare da an sayar da fili ba. A ce mujallar shafi 100 ce, in gida na uku bai kai shafi 15 zuwa 20 ba, ni ban ga dalilin biyan kuɗin shekara ba, gara ka riƙa sayen fitowar da ta yi maka kawai. Ka yi wa mujallu biyu ko uku haka ka ajiye takardun gefe da gefe, amsar da kanta za ta fito.

Kuma cikin gida na ukun nan ka fi sa ido a kan shafukan gyara, saboda mu nan ba mu da shagon keken tsauni a kowace unguwa, masu gyaran kekenmu Allah ya saka musu, sun ƙware a kan Rali da Foniks da keken yara, amma da yawansu ba su saba da birkin mai ko shakazobar iska ba, kai ne za ka zama rabin bakaniken kanka. Bari in ba ka misalin irin abin da shafi ɗaya mai kyau zai cece ka daga gare shi. Birkin mai na Shimano man minaral yake sha, yawancin tsofaffin birkunan SRAM kuwa man DOT ne irin na birkin mota, kuma ba a haɗa su. In birkinka na Shimano ya yi laushi ka kai wa mai gyara ya ɗauko man birkin mota ya ɗura da kyakkyawar niyya, robobin ciki za su kumbura su lalace, birkin ya tashi aiki, kuma samun wani a Kaduna sai an sha yawo ko an yi oda daga Legas. Haka maganar baƙin mai da ake zuba wa sarƙa, ranar farko shiru kake ji sarƙa ta yi laushi, kwana biyu cikin hunturu ƙura ta manne ta zama kamar dutsen niƙa tana cin haƙoran giya a hankali. Haka bakin tib, akwai mai kauri irin na mota da babur, akwai siriri mai ɗan ƙusa a kai da ake kira Presta, in naka siriri ne ka tsaya wajen mai faci a titi zai juya bakin famfonsa ya juya ya ce maka Alhaji wannan ba ya shiga, alhali ɗan ƙaramin adafta ne da za ka sa a aljihu yake raba gardamar. Mujallar da ke koyar da irin waɗannan da hoto, ɗaya bayan ɗaya, ta biya kuɗinta.

Sai maganar ƙaya, wadda ita ce babbar damuwarmu. Duk wanda ya bi hanyar gona bayan girbi ya san tsidau da ƙayar bagaruwa, ka dawo gida ka tarar da huji uku huɗu a tib ɗaya. Ka duba ko mujallar tana bayanin tayar tubles, wato marar tib, da ruwan da ake zubawa a ciki mai toshe huji da kansa, da yadda ake mayar da tsohon wili ya karɓe ta, da kuma cewa ruwan yana bushewa da sauri a ƙasa mai zafi sai an riƙa ƙarawa. Mujallun Ingila suna taɓa wannan amma hankalinsu ya fi tafiya wajen taɓo, na Amurka da na Afirka ta Kudu sun fi zama a kai.

Wajen karanta gwajin kekuna kuma ga yadda ake gane na gaskiya. Ka duba ko marubucin ya faɗi aibin keken ƙarara ko duk yabo ne daga sama har ƙasa. Ka duba ko sun riƙe keken wata da watanni suna hawa suna ba da rahoton abin da ya lalace, ko kwana ɗaya kamfani ya gayyace su ya ba su masauki suka hau suka dawo suka rubuta. Ka duba ko suna gwada masu araha, mai shakazoba a gaba kawai, ko kullum sai na ƙololuwa. In ka ga an yabi keke a shafi na 40 sannan ga tallarsa cike da shafi na 41 ba lallai ne a ce an saye su ba, haka harkar take, talla ce ke riƙe mujalla, amma in duk fitowar babu keke ɗaya da aka ce kada ka saya, to ka rage yarda.

Wata dabara da mutane ba su cika lura da ita ba, tsofaffin fitowa. Tunda kekunanmu yawanci na shekarun 2005 zuwa 2012 ne, mujallun wancan lokacin su ne suke magana a kan ainihin abin da ke ƙarƙashinmu, taya 26, faranti uku, saita giyar gaba da ke yawan gogar sarƙa. To kafin ka zaɓa ka duba ko rajistar tana buɗe maka rumbun tsofaffin fitowa, kuma har zuwa wace shekara. Mujallar da za ta ba ka wannan ta fi wadda za ta ba ka sababbi kawai, ko da ta ɗan fi tsada. In kuma kana da ɗan'uwa a Ingila, tsofaffin mujallu a can arha suke, ya haɗo maka ɗauri ɗaya in zai zo hutu.

Mataki na biyar, takarda ko ta waya. Ni ina son takarda, ba zan ɓoye ba, kana iya shimfiɗa ta a ƙasa kusa da keke hannunka duk gris kana dubawa kana ɗaure noti, ba ruwanka da caji ko an ɗauke wuta, ka gama ka miƙa wa wani. Amma kuɗin aikowa zuwa Najeriya sau da yawa yana kusan kai kuɗin mujallar kanta ko ya wuce, farashin da za ka gani da manyan baƙaƙe na mutanen ƙasarsu ne, kai sai ka nemo inda aka rubuta na sauran ƙasashen duniya. Sannan tana iya yin makonni a hanya, wata ma ta ɓace. In ka nace sai takarda, kada ka ba da adireshin gida irin namu na bayan masallaci kusa da mai shayi, ka buɗe akwati a gidan waya ko ka yi amfani da adireshin ofis da aka sani, ka sa lambar wayarka, ka kuma tura musu saƙo tun kafin ka biya ka tambaye su in fitowa ta ɓace suna sake aikowa ko a'a. Kyaututtukan da ake liƙawa a bangon mujalla, safa ko ɗan makulli, ka tambaya ko suna haɗawa da na ƙasashen waje kada ka sa rai a banza. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku biyar ko shida da kuke fita tare, ku yi karo-karo ku yi rajista ɗaya, tana zuwa tana zagayawa.

Ta waya ta fi arha nesa ba kusa ba kuma ranar da ta fito ranar za ka samu. Abin dubawa uku ne. Shin ana iya sauke ta a karanta ba data, don fitowa ɗaya mai hotuna tana da nauyi, gara ka sauke da dare ko inda akwai wayfai. Shin manhajar tana da tsarin da ke fito da rubutu zalla manya-manya, don karanta shafin mujalla a ƙaramar waya kana ja kana matsewa yana gajiyar da ido, in kana da tablet ya fi. Sannan in rajistarka ta ƙare, fitowar da ka riga ka biya za su zauna a hannunka ko za su rufe? Wanda ka saya ɗai-ɗai yawanci naka ne, amma tsarin biyan wata-wata da ke buɗe maka mujallu barkatai, ranar da ka daina biya ranar komai zai rufe.

Na shida, kuɗi. Ka ɗauki kuɗin shekara ka raba da adadin fitowa, don mai fitowa sau 12 da mai fitowa sau huɗu ba a gwada su da jimillar kuɗi kawai. Ka mayar da shi naira da canjin ranar, ka ɗora cajin banki, sannan ka tambayi kanka wannan kuɗin da taya sabuwa ko sarƙa ko hular kwano wanne na fi buƙata yanzu. Wallahi in ba ka da hular kwano mai kyau ka fara da ita, mujalla ta jira. Katin naira kuma wani lokaci yana wucewa a sayayyar waje wani lokaci ba ya wucewa, bankuna suna buɗewa suna rufewa suna sa iyaka, ka tambayi bankinka halin da ake ciki a watan da za ka biya, in bai yi ba akwai katin asusun dala ko biya ta Google Play ko Apple. Kada ka tura wa wani baƙo a intanet kuɗi wai zai yi maka rajista da rabin farashi.

In za ka biya ka fara da mafi gajarta, wata uku ko shida in akwai. Kana gama biya, a take a wurin, ka shiga saitin asusunka ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye, don kusan dukkansu a kunne take zuwa, kuma farashin garaɓasa na shekarar farko ba shi ne na shekara ta biyu ba, kana zaune sai dai ka ji alat an zare kuɗi da sabon canjin dala. Ka ɗauki hoton rasit ka ajiye, ka sa tunatarwa a waya sati biyu kafin ranar ƙarewa, ranar ka ɗauko takardar nan mai gida uku ka sake yi wa fitowa biyu na ƙarshe lissafi, in gida na uku ya ragu ka koma wata, in yana nan ka sabunta da hannunka.